Shekarun da ikilisiyar Germantown ta yi ba baftisma: haƙuri ne ko tsoro?

Bulus, Jos:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina so mu tattauna tarihin wata ƙaramar ikilisiya ta 'yan Menonayit (ɗarikar Kirista ce da ba ta yi wa jarirai baftisma sai manya, ba ta kuma ɗaukar makami) da ke unguwar Germantown a birnin Filadelfiya, ƙasar Amurka. Ita ce mafi tsufa cikin ikilisiyoyinsu a duk Amurka ta Arewa, amma ba ta taɓa zama mai jama'a da yawa ba.

Ga yadda abin ya faro. Ranar 6 ga Oktoba 1683, jirgin ruwa mai suna Concord ya sauke iyalai 13 daga garin Krefeld na Jamus, can kusa da iyakar Holan. Yawancinsu masaƙa ne. Abin da ya kawo su shi ne alkawarin William Penn, wanda Sarkin Ingila ya ba ƙasar Fensilbaniya a 1681, cewa kowa zai yi addininsa ba tsangwama. Asalin akasarin iyalan nan Menonayit ne, sai dai sun riga sun koma Kweka, wata ɗarikar Kirista da ta faro a Ingila, tun suna gida. Mutum ɗaya, Jan Lensen, shi ne ya tsaya a kan ta iyayensa. Da wasu suka ƙara zuwa daga Holan da Jamus, wajen 1690 sai 'yan Menonayit suka fara sujadarsu daban, a gidajen juna. Daga baya suka zaɓi William Rittenhouse ya zama mai wa'azinsu. Shi ne mutumin da ya kafa masana'antar takarda ta farko a yankunan da Ingila ke mulki a Amurka, a 1690.

To, ga inda nake so mu tsaya. Suna da mai wa'azi amma ba su da bishop, kuma a tsarinsu bishop ne kaɗai ke yin baftisma da ba da jibin Ubangiji. Yara suka girma, wasu har suka yi aure, ba wanda aka yi wa baftisma. Suka rubuta wa 'yan'uwansu na Altona, kusa da Hamburg, a turo musu wanda zai keɓe musu bishop. Amsa ta zo a 1702 cewa tafiyar ta yi nisa kuma da haɗari, su yi addu'a su zaɓi ɗaya daga cikinsu ya yi aikin. Duk da wannan izini Rittenhouse bai yi ba, har ya rasu a farkon 1708. Sai a watan Mayu na wannan shekara wani mai wa'azinsu, Jacob Gottschalk, ya yi wa mutum 11 baftisma, bayan mako biyu aka ci jibi na farko. Daga 1683 zuwa 1708 shekara 25 ke nan. Tambayata: wannan jira biyayya ce ga tsari, ko kuwa tsoro ne?

Hannatu, Kaduna:
Yaya Bulus, ni dai tsoro nake gani. Ka tuna su wane ne kakannin mutanen nan. A Zurich, ranar 21 ga Janairu 1525, George Blaurock ya roƙi Conrad Grebel ya yi masa baftisma a cikin ɗaki, a gidan su Felix Manz. Grebel ba firist ba ne, ba wanda ya keɓe shi. Sun san hukuma za ta kama su, kuma ba a yi shekara biyu cif ba aka ɗaure Manz aka nutsar da shi a kogin Limmat. Jikokin waɗannan ne za su zauna a ƙasar da ba mai farautarsu, suna jiran takarda daga ƙetaren teku? Har takardar ta zo kuma a ƙara shekara shida?

Malam Sani, Zariya:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, tarihi nake koyarwa, ba zan sa baki a hukuncin addininku ba. Lissafi kawai zan taɓa. Malam Bulus, shekara 25 ta yi yawa. A 1683 babu ikilisiyar da za ta jira wani abu, gida ɗaya ne na Menonayit a tsakiyar 'yan Kweka, su kuwa 'yan Kweka ba sa baftismar ruwa sam. Idan za a ƙirga, a fara daga lokacin da suka ware suna sujadarsu, wajen 1690. Shekara 18 ke nan ko ƙasa da haka. Da sauran tsawo, amma a faɗe shi daidai.

Bulus, Jos:
Malam, 18 ɗin ma ta isa yaron da aka haifa a ranar da suka fara taruwa ya kai saurayi bai taɓa ganin an yi baftisma da idonsa ba. A nan damuwata take.

Baba Yakubu, Mubi:
'Ya'yana, ku bi a hankali. Hannatu 'yata, kin kawo 1525 kin tsallake 1534. A wannan shekara wasu masu sake baftisma, wato masu bin hanyar su Grebel ta sake yi wa manya baftisma, suka ƙwace garin Münster na Jamus da takobi, kowa ya tashi ya ce Ruhu ya yi masa magana, aka naɗa sarki, aka halatta mata da yawa, jini ya kwarara. A 1535 aka murƙushe su, a 1536 kuma aka rataye gawar shugabanninsu cikin kejin ƙarfe a hasumiyar majami'a. Wannan tabo ya bi duk wanda ake kira mai sake baftisma a Turai fiye da shekara ɗari. Menno Simons, wanda suka samo sunansu daga gare shi, firist ne na Katolika a Friesland da ya bar muƙaminsa a 1536, kuma ƙarfinsa duk ya ƙare ne wajen tattara waɗanda suka warwatse, yana koya musu cewa ba takobi, ba kuma wanda zai ɗora wa kansa shugabanci ba tare da jama'a sun kira shi ba.

Saboda haka in mutum irin Rittenhouse ya ja da baya, ni ba na ganin ragwanta. Ya san abin da ke faruwa in kowa ya ce ni ma zan iya. Mutumin da ya iya gina injin takarda a bakin rafi cikin daji ba matsoraci ba ne. Nauyin abin ne ya ji.

Hannatu, Kaduna:
Baba, na ji, kuma Allah ya ƙara girma. Amma ai ba shi ya ɗora wa kansa ba. Jama'a ne suka zaɓe shi, dattawan Altona kuma suka ce ya yi. Me ya rage?

Fasto Dauda, Zuru:
Abin da ya rage shi ne ɗora hannu. A fahimtarsa, wanda aka keɓe ne yake keɓe wani, hannu a ka, ba ta wasiƙa ba. Kina iya ƙin yarda da shi, amma ba wasa yake yi ba.

Bari in faɗi abin da na gani. Lokacin da nake mai bishara a wani ƙauye, ba a keɓe ni ba tukuna. Ina wa'azi, ina koyar da ajin baftisma, ina binne matattu, amma ba ni da ikon tsoma kowa a ruwa ko in gutsura gurasa. Faston da ke kula da mu yana da ƙauyuka da yawa, in damina ta sauka kuwa rafi yakan raba mu da shi. Akwai wata tsohuwa da ta gama aji, ta haddace duk amsoshi, kullum bayan sujada takan tsaya a bakin ƙofa da sandarta ta ce mini, "Malam, yaushe?" Ta rasu kafin ruwa ya janye. Ni na yi mata jana'iza. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Don haka in aka ce shekara 18, ni ba lamba nake gani ba. Amma kuma ban yi mata baftismar a ɓoye ba, kuma da za a sake mayar da ni ranar, ina jin ba zan yi ba, domin na yi alkawarin biyayya ga tsarin da ya aike ni.

Hannatu, Kaduna:
Fasto, wannan labari naka ai hujjata ce. Tsarin da ya bar tsohuwa ta mutu tana tambaya, tsarin ne yake bukatar gyara.

Fasto Dauda, Zuru:
Gyara kam yana bukata. Amma majalisa ce za ta gyara, ba mai bishara shi kaɗai a bakin rafi ba.

Baba Yakubu, Mubi:
Tun da an zo nan, bari in shigo da namu, domin mu 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, muna da alaƙa da unguwar nan ta Germantown, ko da yake mu ba Menonayit ba ne, 'yan'uwan juna ne dai na kusa. A shekarar 1708 ɗin nan da Gottschalk ya yi baftismarsa, a ƙauyen Schwarzenau na Jamus mutum takwas suka shiga kogin Eder. Ba su da bishop, ba su nemi izinin kowa ba. Suka jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya yi wa jagoransu Alexander Mack baftisma, Mack ya yi wa sauran. Sun ɓoye sunan wancan mutum don kada a ce shi ne ya kafa ikilisiya. A 1719 wasunsu suka ƙaura Amurka tare da Peter Becker, kuma daga Krefeld suka taso, a Germantown suka sauka. Ranar Kirsimeti ta 1723 Becker ya yi wa mutum shida baftisma a rafin Wissahickon, cikin tsananin sanyi. Shekara 200 daidai bayan haka, a 1923, 'yan mishan ɗin wannan ɗarika, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a Garkiɗa.

Kin ga ke nan, Hannatu, ni jikan waɗanda ba su jira ba ne, amma ga ni ina kare wanda ya jira. Dalili kuwa, na ga abin da rashin jira ya haifar ma. Becker ya yi wa wani Conrad Beissel baftisma a 1724, ba a daɗe ba Beissel ya ɓalle da mutane, ya kafa nasa zama a Ephrata da nasa dokoki. Kowace hanya da kuɗin da ake biya.

Saratu, Filadelfiya:
Barkanku da hira. Ina zaune a birnin nan, aikin jinya nake yi, kuma na shiga ginin da kuke magana. A shekarar 1708 ɗin suka gina ɗakin sujada na gungumen itace, a 1770 suka maye gurbinsa da na dutse, wanda yake tsaye har yanzu a kan titin Germantown. In ba a nuna maka ba za ka wuce shi. Ba hasumiya, ba ƙararrawa, ba gilashi mai launi. Ɗaki ne guda na dutse mai ruwan toka, da bencina na katako da ƙaramin wurin tsayuwar mai wa'azi, maƙabarta kuma na jikinsa, wasu duwatsun kaburburan rubutunsu ya goge. Majami'ar ƙauyenmu ta fi shi faɗi. Titin har yanzu da shimfiɗar duwatsu da tsohon layin dogo a tsakiya. Ɗakin sujadar su Baba Yakubu ma yana kan wannan titi, gaba kaɗan, shi ma ginin 1770 ne.

Unguwar yanzu yawancin mazaunanta baƙaƙen fata ne, Musulmi ma suna da yawa. A cikin ɗakin akwai wani tebur da ake cewa a kansa aka sa hannu a takardar ƙin jinin bauta ta 1688.

Malam Sani, Zariya:
Madalla, Malama Saratu, kin kawo mu inda na fi sha'awa. Wannan takarda ita ce karo na farko da wata jama'ar addini ta rubuta ƙin amincewa da bautar da 'yan Afirka a yankunan Ingila na Amurka. Mutum huɗu ne suka sa hannu: Francis Daniel Pastorius, Garret Hendericks, da 'yan gida ɗaya su biyu, Derick da Abraham op den Graeff. An rubuta ta ne a gidan Thones Kunders. Hujjarsu a sauƙaƙe take. Sun ce abin da ba ka so a yi maka kada ka yi wa wani, ko wane irin launi ne da shi. Sun tuna wa masu karatu irin fargabar da matafiya kan shiga a teku in sun hango baƙon jirgi, don tsoron kada a kama su a sayar. Sun yi maganar raba miji da mata, da sayar da 'ya'ya. Har sun tambaya, in bayin nan suka tashi suka nemi 'yancinsu da ƙarfi, masu cewa ba sa yaƙi za su ɗauki takobi a kansu?

Amma a yi adalci: ga taron 'yan Kweka aka miƙa ta, kuma masu sa hannun a lokacin 'yan Kweka ne. Pastorius ma asalinsa ɗan Lutheran ne. Ba takardar ikilisiyar Menonayit ba ce, domin a 1688 ikilisiyar ba ta ma tsaya da ƙafarta ba.

Bulus, Jos:
Haka ne, amma ukun cikinsu a gidajen Menonayit suka tashi. 'Yan Kweka na Ingila da ke Filadelfiya suna da bayi a lokacin, shi kansa Penn yana da su. Me ya sa sai waɗannan baƙi masaƙa ne abin ya dama? Ni ina ganin tarbiyyar gida ce. Mutanen da aka kori iyayensu daga gari zuwa gari sun san ɗacin a mai da mutum ba kowa ba.

Malam Sani, Zariya:
Wannan fassara ce mai ƙarfi, ban ƙi ta ba. Abin da nake so ku lura da shi, don ya shafi muhawararku, shi ne abin da ya sami takardar. Taron wata-wata ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, ya tura wa taron wata uku-uku a Filadelfiya. Shi ma ya tura wa taron shekara a Burlington. Taron shekara ya ce bai dace a yanke hukunci a kai ba, aka ajiye. Sai a 1776 'yan Kweka na Filadelfiya suka hana mambobinsu mallakar bayi. Shekara 88. Takardar kanta ɓacewa ta yi, sai a 1844 aka gano ta.

Hannatu, Kaduna:
To kun ji. Fasto ya ce majalisa ce za ta gyara. Ga majalisa uku, kowace ta miƙa wa ta sama, mutane kuwa suna cikin sarƙa shekara 88.

Fasto Dauda, Zuru:
'Yar'uwa, kin haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Jinkirin hana zalunci zunubi ne, ba na jayayya. Masu ajiye takardar nan suna da riba a cikin jinkirinsu, domin bayin nasu ne ko na abokansu. Rittenhouse wace riba ya ci da ƙin zama bishop? Girma aka miƙa masa ya ƙi karɓa. A zamanin nan da mutum kan buɗe majami'a yau gobe ya kira kansa bishop, ni ina ganin darajar wanda aka ce ya hau ya ce bai isa ba.

Hannatu, Kaduna:
Tawali'unsa na yarda da shi. Amma waɗanda suka biya kuɗin tawali'un su ne matasan da suka jira. Wa ya san nawa ne suka gaji suka koma wajen 'yan Kweka?

Mama Rifkatu, Wusasa:
Ina ta karantawa ban ce komai ba. Ku duka kuna maganar wanda zai yi baftisma, ba wanda ya tambayi wa ya riƙe mutanen nan har shekara 18. Ba ginin sujada, ba jibi, ba bishop, amma da ranar ta zo an sami mutum 11 a shirye. Wani ne ya koya musu. A ɗakunan da ake saƙa da kaɗi aka yi wannan aiki, iyaye ne suka yi, kuma na tabbata rabin aikin ko fiye na uwaye ne, ko da ba a rubuta sunayensu a jerin shugabanni ba. Mu da muka tashi a ƙananan ikilisiyoyi mun san haka. Fasto yakan zo ya tafi, zumuntar mata ce ke share ɗaki, ta kai wa mara lafiya kunu, ta koya wa yara waƙa.

Baba Yakubu, Mubi:
Gaskiyarki, Mama. Kuma bayan 1708 abin ya tafi da sauri. Zuwa 1712 mambobi sun kai 99, in an haɗa da na ƙauyen Skippack da ke wajen birnin. A 1725 masu wa'azinsu suka taru suka amince da bayanin bangaskiya na Dordrecht, wanda aka rubuta a Holan a 1632, ya zama abin da za su tsaya a kai.

Bulus, Jos:
To Baba, me ya hana ta girma? Nan ne abin yake ba ni mamaki.

Baba Yakubu, Mubi:
Gona. Waɗanda suka biyo baya daga Jamus da Suwizalan manoma ne, ba masaƙa ba. Su sauka a Germantown su huta, su wuce inda ƙasa take. Skippack tun 1702, Lancaster daga 1710. Shi kansa Gottschalk ya koma wajen Skippack. Ikilisiyoyin ƙauye suka cika, uwar ta zauna da 'yan tsiraru a gari. A ƙarni na 19 saura ƙiris a rufe ta, sau da yawa sai mai wa'azi ya zo daga ƙauye ya yi musu sujada ya koma. A shekarun 1860 aka sake farfaɗo da ita.

Saratu, Filadelfiya:
Ƙarin bayani kan wannan. Ikilisiyar tana nan da rai, amma yanzu a wani gini take taruwa kusa da wurin, tsohon ɗakin kuma wata ƙungiyar adana tarihi ce ke kula da shi. Yaƙi ma ya ratsa ta ƙofarsa: ranar 4 ga Oktoba 1777 sojojin George Washington da na Ingila suka gwabza a kan wannan titi, shekara bakwai da gama ginin, mutanen da ke sujada a ciki kuwa ba sa ɗaukar makami.

Malam Sani, Zariya:
A matsayina na malamin makaranta ba zan bari a tashi ba a ambaci Christopher Dock ba. Ɗan Menonayit ne da ya koyar a Skippack da Salford, ya kuma yi wasu lokutan bazara yana koyarwa a Germantown. A 1750 ya rubuta yadda yake tafiyar da aji, amma ya ƙi a buga don kada ya zama neman suna, sai a 1770 aka buga. A ciki ya nuna ya fi son jawo yaro da yabo da 'yar kyauta a kan bulala, a zamanin da duka shi ne ka'ida. Yakan tsaya bayan an tashi ya yi wa ɗalibansa addu'a ɗaya bayan ɗaya, kuma a ajinsa aka same shi ya rasu a durƙushe a 1771. Shi ma shekara 20 ya riƙe rubutunsa. Da alama jan jiki daga girma ɗabi'ar mutanen ce, ba ta Rittenhouse kaɗai ba.

Hannatu, Kaduna:
Malam, Dock littafinsa ya riƙe, bai riƙe karatun yara ba, kullum yana aji. Wannan shi ne bambancin da nake ta nunawa. Ban canja ra'ayi ba: daga 1702 da izini ya zo, ya kamata a yi. Na dai janye kalmar tsoro, tun da Baba ya kawo Münster.

Fasto Dauda, Zuru:
Ni ma shekara shidan nan ta bayan wasiƙa ba zan iya kare ta duka ba. Ta gaban wasiƙa ce nake karewa.

Bulus, Jos:
Fasto, kafin a watse, an ce ku ma a Zuru kuna da jiɓi da mutanen nan. Gaskiya ne?

Fasto Dauda, Zuru:
Akwai, ta wani reshe. Ikilisiyar UMCA (United Missionary Church of Africa) da ke ƙasar Nupe da Ilori da wajenmu ta fito ne daga mishan na wata ɗarika da a da ake kira Mennonite Brethren in Christ. A. W. Banfield, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki da Nupanci, nasu ne, ya fara musu aiki a 1905. Masu ɗauke da sunan Menonayit kai tsaye a Najeriya kuwa suna Akwa Ibom ne, inda Edwin da Irene Weaver suka sauka a 1959 bisa gayyatar wasu ikilisiyoyi masu zaman kansu. Can ma da wasiƙa aka fara, mutanen wurin ne suka rubuta Amurka suna neman a zo. Baba Yakubu, in ka samu sarari ka ba mu labarin yadda aka keɓe fastoci 'yan ƙasa na farko a wajenku, da shekara nawa aka yi ana jira. Ina so in gwada da namu.